Ranar da Kofur Ta Ƙi Tashi

Kofur mota ce. Gara in faɗa tun da wuri, domin ranar bikin ƙanwata Ilham sai da wata baƙuwa daga dangin ango ta ja ni gefe, bayan ta gaji da jin ana "Kofur ta ƙi, Kofur ta ƙi," ta tambaye ni ko wata gwaggonmu ce ta yi fushi da auren. Na ce mata ai da gwaggo ce da sauƙi, ita gwaggo ana ba ta haƙuri.

Fijo 504 ce fara, wadda Babanmu, Saje Labaran, ya saya a gwanjo shekarar da ya ajiye kaki. Shekara ashirin da biyar ya yi yana kwance injunan sojoji yana ɗaurawa, daga Kaduna har Laberiya. In ka tambaye shi labarin yaƙi ba ya ba ka, sai ya ce ka tashi ka miƙo masa buta. Amma ka kuskura ka tambaye shi fanbel ɗin da ya taɓa tsinke musu a wani daji can, to ranar ka makara wurin aiki. Shi ya raɗa wa motar suna. Ya ce ba zai yiwu Saje guda ya yi ritaya babu ko mutum ɗaya a ƙarƙashinsa ba, tunda a cikin gida ya riga ya ga Umma ce kwamanda.

Garejinsa a ƙofar gidanmu yake a Malali, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Mu huɗu ya haifa, duk mata: ni Zuwaira, sai Amina, sai Sa'adatu, sai autarmu Ilham da ta zo bayan an fid da rai. Ban taɓa jin ya yi ƙorafin rashin ɗa namiji ba. Ni ya koya wa tuƙi ina aji huɗu a sakandare, da tsawa da komai, har na iya ribas a lungun da mai keke ma yake sauka ya tura.

Kowa ya sani uba ba ya kai 'yarsa ɗakin miji, aikin gwaggonni ne da ƙawaye. Baba ya ce shi ma ya sani, amma ba a matsayin uba zai je ba, direba ne. Ranar bikina ya wanke Kofur da kansa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a sitiyari yana kallon gaba kamar bai san wadda aka sako masa a baya ba. Ya kai ni Kawo, ya tsaya a waje, bai shiga ba, ya juyo da motarsa. Haka ya yi wa Amina, haka ya yi wa Sa'adatu. Mutanen unguwa suka yi surutunsu suka gaji, daga baya ma wasu suka fara zuwa aron Kofur don nasu bikin, ya ce musu ba ta zuwa aikin farar hula.

Wata goma sha ɗaya kafin bikin Ilham, Baba ya rasu. Zazzaɓin kwana uku ne, ranar Laraba da hantsi ya cika. Da aka sa ranar aure, Ilham ba ta yi rigimar lefe ba, ba ta yi ta kayan ɗaki ba. Abu ɗaya ta ce mini, a kicin, tana yanka albasa don ta samu abin ɗora wa laifi.

"Yaya, ku duka Baba ya kai ku. Ni ba shi. To a bar mini Kofur, ita za ta kai ni, ke za ki ja."

Na ce mata an gama. Ban ga abin wahala ba, don tun rasuwarsa kowace Asabar nake zuwa daga gidana in tayar da ita, in zaga unguwa in dawo, ba ta taɓa yi mini ko tari ba. Ranar Alhamis ta satin bikin ma da ita na kwaso buhunan shinkafa.

Sai ranar Juma'a Allah ya kawo mana Maliki. Shi ne babban almajirin Baba a kanikanci, yanzu yana da garejinsa a Kinkinau da tumbi da furfura. Mutumin kirki ne, ban hana masa ba, amma irin mutanen nan ne da in ba su taɓa abu ba ba su yarda yana aiki ba. Ya zo da jaka cike da sababbin kaya, ya ce ita ce gudummawarsa, ba zai bari motar Oga ta fita kunya a gaban surukai ba. Ya canza baƙin mai, ya canza filogi, ya cire tsofaffin wayoyin filogi tare da hular da suke tafiya a kanta, wato hular distiributa mai raba musu wuta, ya sa sababbi ja wur. Batir kuwa ya aika da shi caji. Na ce ya jira a dawo da batir mu gwada. Ya dube ni ya yi dariya.

"Haba Zuwaira. Hannuna ne fa. Shekara goma sha biyu na yi a ƙarƙashin wannan bishiyar."

Asabar da safe aka ɗaura aure. Gida ya cika, tukwane na ta tafasa a bayan gida, an kafa rumfuna har bakin titi. Dangin ango, Suhaib, mutanen Rigachikun ne, ma'aikatan gwamnati masu son komai da agogo. Sun ce ƙarfe biyar za a ɗauki amarya, don a isa kafin magariba. Wajen ƙarfe biyu na fito cikin anko, da ɗaurin da sai da mai ɗauri ta yi rabin awa tana ja mini fatar goshi, na shiga Kofur don in matso da ita bakin ƙofa a sa mata kwalliya. Na murza makulli. Inji ya juya, ya juya, sannan salansa ta buga wata ƙara da ta sa mata biyu suka watsar da farantin waina suka yi cikin gida da gudu. Daga nan shiru.

Na sake murzawa. Ta sake bugawa, wannan karon da baƙin hayaƙi.

Maliki ya taso daga rumfar maza yana goge hannu, ya ce ƙaramin abu ne. Ya tuɓe babbar riga ya rataya a reshe. Kafin ya ɗaga bonet sai ga Idi, almajiri na biyu, wanda yake gyara a Kawo, shi ma ya tuɓe tasa. Bayansu Jamilu, ƙaraminsu, wanda ya koma gyaran motocin zamani yana yawo da na'ura a jaka, ya tsaya yana leƙe yana neman inda zai jona ta. Idi ya ce masa ya mayar da wayarsa aljihu, wannan motar ta girmi babarsa.

Abin da ya biyo baya, da ba bikin ƙanwata ba ne da na nemi kujera na zauna kallo. Maliki ya ce kafireta ce. Idi ya ce wallahi koyil ne, ya ji a ƙarar. Jamilu ya ce man fetur ɗin ne aka gauraya. Kowannensu in zai yi magana sai ya fara da "Oga ya ce," kuma babu biyu da Oga ya faɗa wa abu iri ɗaya. Suka kwance kafireta suka wanke a kwanon da aka kawo musu shinkafa. Idi ya tsotso fetur da baki ya tofar a gindin bishiya. Aka aro koyil daga motar wani baƙo ba tare da ya sani ba. Duk lokacin da suka ce "Zuwaira, buga!" in buga, Kofur ta yi harbinta ta yi shiru.

Na leƙo ta taga na ce, "Yaya Maliki, ranar Alhamis lafiyarta ƙalau. Me ka taɓa jiya? Duba wayoyin nan da ka sa."

Su uku suka sunkuya, suka bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, suka ɗago tare. A wannan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Wayoyi daidai suke, kowace tana inda ya kamata, yadda Oga ya koya musu da bakinsa, yadda yake a kowace 504 da ke yawo a ƙasar nan. Maliki har ya ɗan ji haushi, ya ce ko daga barci aka tashe shi zai jera su.

Ƙarfe uku da rabi aka kira la'asar. Suka yi alwala da omo, suka yi sallah, suka dawo. Ƙarfe huɗu saura kaɗan motocin ango suka iso, manya baƙaƙe guda biyar, suka jeru a bayan Kofur suna sheƙi, ita kuma baki buɗe, kayan cikinta a baje a kan tabarma. Gwaggo Hajara, yayar Baba, ta fito tana gyara mayafi ta same ni.

"Ke Zuwaira, wannan wane irin abin kunya ne? Ga motoci an kawo na mutunci. A ture wannan akwalar gefe a ba mutane hanya."

"Gwaggo, amarya ta ce ita take so."

"Amarya tana da ta cewa ne yau? Shi kansa Labaran ɗin da ya ɓata ku, da yana nan da ya ce a shiga wadda ta tashi."

Na wuce abina, don in na amsa za a yi biki biyu. Na shiga ɗakin da Ilham take. Tana zaune a bakin gado cikin lafaya, an gama mata komai, ƙawaye sun kewaye ta. Ba kuka take yi ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Ta dube ni ta ce, "Yaya, in ba ta tashi ba shi ke nan, zan shiga tasu. Kada a yi faɗa saboda ni." Ta faɗa da muryar yarinyar da ta saba a ce mata ta zo a makare, komai an riga an yi kafin a haife ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fito ina jin zan iya shaƙe Maliki da sabuwar wayarsa.

A tsakar gida na ci karo da Umma. Uwar amarya ba ta fitowa a irin wannan rana, tana can ƙuryar ɗaki da 'yan uwanta, amma harbin Kofur na shida ya fito da ita. Umma ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari, don haka ta ce, "Ke, me aka yi wa motar nan?" Na faɗa mata. Ta ja mayafi ta wuce ni, ta ratsa rumfar mata, ta fita har ƙofar gida, wurin da rabonta da shi tun ranar da aka fita da Baba. Maza suka dare. Ta tsaya a gaban inji ta duba, ba ta fi ƙiftawa biyu ba.

"Maliki, ina wayoyin Malam?"

"Mama, ai sun tsufa. Duk wasu zarurruka ne a ɗaure a jiki kamar laya. Na sa sababbi."

"Ban tambaye ka abin da ka sa ba. Ina nasa?"

"Na jefa a duro, da hular da komai, yadda na ciro su a haɗe."

"To a ɗauko. Ba za ta tashi ba sai da su."

Muka juya wajen duron da Baba yake tara tarkace. Babu duro a wurin, rumfa ce da kujeru. Aka yi ta tambaya, har wata maƙwabciya ta ce da safe da ake share wuri an kira Iro mai gwangwan an juye masa komai a kurarsa. Idi ya dafe kai. Ya ce ya san inda Iro yake tara kaya, wani fili ne a ƙarshen unguwa ta hanyar kogi, amma matsalar ita ce da yamma yake ƙona wayoyi ya cire tagullar ciki. Na duba agogo, huɗu da minti goma.

Ban san lokacin da na haye bayan babur ɗin Idi ba. Ni da nake da ofis da tebur a ma'aikata, da 'ya'ya uku, na tattare zani na riƙe ɗauri da hannu ɗaya ina ce masa ya ƙara wuta. Muka bi lunguna, muka tsallake kwata, wata akuya ta sha da ƙyar. A wata kwana ɗaurin ya tashi sama ya bar ni, na waiga na gan shi a kan rumfar mai kifi, na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, na ja gyale na rufe kai. Idi yana tuƙi yana salati yana ce wa mutane su kauce ana biki.

Tun daga nesa muka hango hayaƙi. Iro yana tsugune gaban wuta da sanda a hannu, gefensa tarin wayoyi, yana ɗiba yana jefawa. Na diro tun babur bai gama tsayawa ba, takalmi ɗaya ya zauna a laka.

"Malam Iro, tsaya! Don girman Allah tsaya!"

Bawan Allah ya miƙe a firgice, ya ga mace da kwalliya da ƙafa ɗaya babu takalmi ta nufo shi, ya ce wallahi shi bai ɗauki komai ba sai abin da aka ba shi. Na ce na sani, wayoyi huɗu nake nema a kan wata baƙar hula, masu zare a jiki. Muka hau tonon tarin nan mu uku. Wayar fanka, wayar dutsen guga, wayar rediyo, hannuwana da aka yi wa lalle jiya suka koma baƙi. Ban gani ba. Na dubi wutar, na ce shi ke nan, sun ƙone.

Sai Iro ya ce, "Au, masu ƙulli? Hajiya ai waɗannan ban ƙona ba." Ya taka zuwa kurarsa ya ciro su daga ƙarƙashin buhu. Ya ce da ya ga zare a ƙuƙƙulle ya ɗauka wani abin tsari ne aka yi, shi kuwa ba ya wasa da irin wannan, yana jira ne ya nuna wa wani malami. Na karɓa na rungume a ƙirji da baƙin man da komai. Na ce ya zo gida ya ci shinkafa, ya taho da duk wanda ya ga dama.

Biyar saura kwata muka dawo. An riga an fara fito da akwatunan amarya ana sawa a baƙaƙen motoci, Gwaggo Hajara tana ba da umarni. Umma tana nan inda na bar ta, ba ta zauna ba. Na miƙa mata. Ta juya hular a hannunta, ta bi kowace waya da yatsu har ta kai ga zaren. Sai a lokacin na lura zaren saƙar hula ne, irin nata, kore.

"Cire naka," ta ce wa Maliki. Ya cire, ya ɗora tsohuwar hular a mazauninta. "Mai ƙulli ɗaya, filogin gaba. Mai biyu, na bayansa. Haka har huɗu."

Maliki ya fara sawa, sai ya tsaya. Ya bi wayar da ido daga filogi zuwa hula, ya sake bi.

"Mama, wannan ai a juye yake. Ba nan ta ɗaya take fitowa ba."

"A motar wa?"

Idi ya leƙa, ya yi wata 'yar ƙara. Ya ce distiributar ce gaba ɗaya aka zaunar da ita a juye, tun Allah kaɗai ya san yaushe, aka bi ta da wayoyin yadda za su dace. Su ukun sun fi awa biyu suna duba komai, amma babu wanda ya kawo a ransa cewa Oga zai koya musu hanya ɗaya ya yi wa tasa motar wata. Umma ta ce tun shekarar da aka haifi Ilham ne, wani ƙarfe ya ci a ciki, babu na canji a kasuwa, ya juya ta ta zauna, ya ce ba ruwan kowa.

Jamilu ne ya yi tambayar da ban yi ba. Ya ce, "To Mama, zaren fa? Oga ai ba ya buƙatar alama."

Umma ta dube shi. Ta gyara mayafinta.

"Ba ya gani," ta ce. "Shekara uku kafin ya rasu idon ya tafi, sai dai haske da inuwa. Likita ya ce ba ya gyaruwa. Duk Juma'a da safe yana cire filogi ya goge, ni na ƙulla masa zaren don ya san inda zai mayar."

Ni kuwa sai abubuwa suka riƙa faɗo mini ɗaya bayan ɗaya. Shekara uku kafin rasuwarsa ne ya miƙo mini makulli ya ce daga yau Saje ya daina tuƙa kansa, manya ba sa tuƙi, ni kuma na yi ta tsokanarsa da son girma. Ni nake kai shi masallacin Juma'a, ni nake kai shi karɓar fansho, yana gefena yana ce mini in rage gudu akwai rami gaban gidan mai, ashe da jikinsa ya haddace ramin. A gareji ya koma zama a benci, a tayar da mota ya saurara ya faɗi ciwonta, muna cewa tsufa ya sa shi nuna gwaninta. In na shigo gida sai ya ce, "Zuwaira ce, na ji takun," in yi dariya. Shekara uku ina zaune kusa da mutumin nan, kafaɗa da kafaɗa, ban gane ba. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa, shi ko ni.

"Umma, me ya sa ba ku faɗa mana ba?"

"Ya hana. Ya ce in kuka sani za ku shimfiɗa masa tabarma ku ƙwace sifana, motar ta mutu a tsaye. Shi kuwa akwai sauran yarinya ɗaya da ba a kai ba."

Maliki ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ƙato da furfura, ya sa gefen singileti yana share fuska. Umma ta ce masa, "Kukan ya isa, ka sa wayar, rana na tafiya." Ya sa. Idi kuwa yana ƙirga masa ƙullin da ƙarfi kamar mai karanta allo. Suka mayar da kafireta, suka mayar wa baƙo koyil ɗinsa.

Na shiga na zauna. Ƙafata ɗaya babu takalmi, na cire ɗayan ma na jefa baya. Na yi bisimilla na murza.

Bugu ɗaya ta tashi. Ba tari, ba harbi, wannan sanyayyar ƙarar tata da muka taso da ita, wadda in muka ji daga kwanar layi muke rugawa mu kashe talabijin mu ɗauki littafi. Wata irin guɗa ta tashi daga rumfar mata, maza suka hau kabbara, Jamilu ya ɗaga Idi sama ya kusa kayar da shi cikin kwanon fetur. Direbobin ango da ba su san hawa ba su san sauka ba su ma suka hau danna hon. Gwaggo Hajara ta ce ita dama ta san motar ƙaninta ba ta ba da kunya, ta buɗe gaba ta shige ta zauna tun kafin a ce mata.

Aka kai Ilham wurin Umma da kawunnanmu suka yi mata faɗan da ake yi, aka fito da ita a lulluɓe. Da ta zo bakin ƙofa ta ji ƙarar, sai ta tsaya cak, sai da Amina ta ɗan tura ta. Aka sa ta a baya tsakanin Amina da Sa'adatu. Umma ta riga ta koma ciki, ba ta tsaya ganin fitarmu ba.

Biyar da minti goma muka ɗau hanya. Kofur a gaba, baƙaƙen motoci biyar a bayanta, ba wanda ya isa ya wuce, sai Idi da Maliki a kan babur a gefe suna kore mana masu keke. Muka fita Malali, muka bi ta Unguwar Rimi... a'a, ƙarya nake, ta Badarawa muka yanke, don Gwaggo ta ce hanyar ta fi kusa, kuma ranar ba ni da ƙarfin musu. A Kawo wani tsohon bakanike da ke zaune bakin titi ya gane motar, ya miƙe tsaye da kofin shayinsa har muka wuce. Da muka hau titin Zariya na ba ta wuta, ta karɓa, iska na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa tun ina budurwa. Sa'adatu ta fara waƙar da muke yi in Baba zai kai mu Sallah gidan kaka, Amina ta kama, Gwaggo tana cewa mu yi wa Allah mu yi shiru amarya ake kaiwa, tana kuma buga cinya daidai da waƙar. Ni ina dariya, hawaye na zuba, ina goge su da hannu mai baƙin mai, ban san na zama dodo ba sai da na ga fuskata a madubi.

A hanya Amina ta raɗa wa Ilham abin da Umma ta faɗa a ƙofar gida. Ban ji amsarta ba, na dai ga lulluɓin ya sunkuya har gwiwa.

Rana tana gab da faɗuwa muka shiga Rigachikun. Gidan na ƙarshen wani layi ne, sabon fenti, mata cike a ƙofa suna jira da turare. Na tsaya daidai bakin ƙofa na ja burkin hannu. Gwaggo ta fita, Amina ta fita, Sa'adatu ta zaga ta buɗe ɗaya ƙofar. Ilham ba ta motsa ba. Ta fito da hannu daga cikin lafaya ta riƙe kan kujerar direba, inda fatar ta goge ta yi sulɓi, ta ƙanƙame. Gwaggo ta yi lallashi, dangin ango suka yi, ta ƙi saki. Ana ta kiran sallah a masallacin layin.

Ban juya ba, don na san in na ga fuskarta ba zan iya magana ba. Na ɗora hannuna a kan nata na ce, "Auta, sauka. Ya kawo ki."

Ta saki a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Suka kama ta, ta sa ƙafar dama ta shiga, guɗa ta rufe su. Aka yi ta kirana in shigo in ga ɗaki, na ce su je ina zuwa. Na zauna a waje a cikin mota, hannuna a kan sitiyari, inji na aiki, har aka idar da sallah.